An Gama Maganin Sankarar Mama, Saura Sukari da Zuciya

Ranar da aka cire wa mace robar ƙarin ruwan kemo na ƙarshe, ko aka gama yi mata gashi da na'ura, dangi sukan ɗauka an kai ƙarshen wahala. 'Yan dubiya su yi ta shigowa da barka da arziki, a ce ta kwanta ta huta, ko tsinke kada ta ɗaga, a shiga ɗura mata shayi mai kauri da farfesu da lemon kwalba don ta murmure. Bayan wata shida idan aka ga ta cicciko, sai a ce Alhamdulillahi, jiki ya dawo. Niyyar mai kyau ce, kuma duk wanda ya ga yadda kemo ke galabaitar da mutum ba zai ga laifin masu yin haka ba. Sai dai abin da bincike ya nuna cikin shekaru ashirin da 'yan kai da suka wuce shi ne, cikowar nan sau da yawa kitse ne ya maye gurbin tsoka, kuma a daidai lokacin da ake murnar rabuwa da cuta ɗaya, ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya suna lallaɓowa ba sallama. A ganina ya kamata motsa jiki da gyaran cima su shiga cikin maganin da ake rubuta wa mace, kuma hujjar hakan tana tsaye da ƙafarta ko da ba a yi wa kowa alkawarin cewa za su hana sankarar dawowa ba.

Maganar gaba ɗaya a kan yadda jiki ke sarrafa abin da aka ci take. Idan mutum ya ci tuwo, sukarin da ke cikinsa yakan shiga jini, jiki ya saki sinadarin insulin, shi kuma ya buɗe wa sukarin hanya ya shiga tsoka da hanta. Idan tsarin ya fara taɓarɓarewa, tsoka takan daina amsa kiran insulin yadda ya kamata, sai jiki ya riƙa ninka abin da yake saki, sukari da maiƙo su yi yawa a jini, kitse ya taru a ciki ya lulluɓe hanji da hanta. Likitoci suna gane wannan hali da awo biyar: kewayen ƙugu ya kai santimita 88 ga mace, ko 80 a lissafin wasu ƙungiyoyi, awon jini ya kai 130 bisa 85, sukarin jini kafin karin kumallo ya kai 100, maiƙon jini ya kai 150, kwalastirol mai amfani kuma ya gaza 50. Wadda ta haɗa uku cikin biyar ɗin nan, haɗarin ciwon zuciya a gare ta ya kusan ninka biyu, na ciwon sukari kuwa wajen ninki biyar. Babu ko ɗaya cikinsu da ke yin zafi ko kumburi, shi ya sa mace kan yi shekaru da su ba ta sani ba.

Maganin sankara yana tura mace cikin wannan hali da saurin da ke ba da mamaki. A 2016, Christina Dieli-Conwright da abokan aikinta a jihar Kalifoniya ta Amurka suka wallafa abin da suka gani a jikin mata 86 waɗanda babu mai wannan matsala a cikinsu kafin a fara musu kemo. Cikin mako 12 zuwa 18, sama da kashi 70 cikin 100 sun faɗa ciki. Dalilan suna da yawa, kuma suna haɗuwa ne a lokaci guda. Deksametazon da ake bayarwa don hana amai yana ɗaga sukari. Kemo yakan sa al'ada ta ɗauke wa mace tun tana shekara arba'in ko ƙasa da haka, kitse kuma ya bar cinya ya koma ciki. Tamoksifen, wanda ake sha shekara biyar zuwa goma, yakan ƙara maiƙon jini, wani lokaci ya tara kitse a hanta, su letirozol da anastirozol kuma suna rage ƙarfin ƙashi da sa ciwon gaɓoɓin da ke hana tafiya. Doksorubisin da tirastuzumab suna iya raunana zuciyar kanta, haka ma gashin da aka yi a ɓangaren hagu na ƙirji. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne binciken Wendy Demark-Wahnefried na 2001 a Jami'ar Duke. Kafin shi ana zaton ci ne ke sa matan da ke karɓar kemo ƙiba. Da aka auna, sai aka tarar ba su fi sauran ci ba, motsi ne suka rage, kitse ya ƙaru, tsoka ta zube, musamman a ƙafafu. Kada wani ya karanta wannan ya ce to a bar magungunan. Shan tamoksifen na shekara biyar kaɗai yana rage mutuwa daga sankarar da ke jin sinadarin mata da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma babu wata cima ko motsa jiki da aka taɓa nuna ya yi ko kusa da haka. Magani ne mai ceton rai wanda ke barin ɓarna a bayansa, ɓarnar kuma tana gyaruwa.

Me ya sa za a damu da sukari ga wadda ta tsallake sankara? A 2011 aka wallafa wani nazari a Amurka kan mata fiye da 63,000 masu shekara 66 zuwa sama da aka samu da sankarar mama. Bayan an bi su shekaru, waɗanda ciwon zuciya da na jijiyoyin jini ya kashe sun kai kashi 15.9 cikin 100, waɗanda sankarar ta kashe kuma 15.1. Wato a cikin tsofaffin nan zuciya ta ɗan ɗara sankara kisa, ita ma Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fitar da sanarwa ta musamman a kan batun a 2018. Akwai kuma alamun cewa ita kanta sankarar tana cin gajiyar wannan rikici. Bayan ɗaukewar al'ada, kitse ne babban wurin da jiki ke ƙera istirojin, sinadarin da yawancin sankarar mama ke girma da shi. Insulin shi ma yana ingiza ƙwayoyin halitta su hayayyafa. A 2002 Pamela Goodwin ta auna insulin a jinin mata 512 a birnin Toronto na Kanada, ta ga waɗanda nasu ya fi yawa sun ninka masu ƙarancinsa sau biyu wajen yaɗuwar cutar, sau uku wajen mutuwa. Wani nazari na 2014 da ya tattara bincike 82 ya nuna cewa matan da ke da ƙiba mai yawa kafin a gano cutar sun fi masu matsakaicin jiki haɗarin mutuwa da kashi 41 cikin 100.

Hujja mafi ƙarfi a kan gyara ta fito ne daga gwajin da Dieli-Conwright ta sake yi, wanda aka wallafa a 2018. Ta ɗauki mata 100 masu ƙiba da ba sa motsa jiki, waɗanda ba su daɗe da gama magani ba, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi suka ci gaba da rayuwarsu yadda suka saba, rabi kuma aka riƙa sa su atisaye sau uku a mako har mako 16, ana haɗa musu mai sa haki da na ɗaga nauyi. Da farko kusan kashi 77 cikin 100 na dukkansu suna da rikicin nan na sukari da maiƙo da jini. Da aka gama, kashi 15 kawai suka rage da shi a cikin masu atisaye, a ɗaya rukunin kuwa kashi 80. Ba a canza musu abinci ba. Sirrin yana cikin tsoka, domin ita ce rumbun sukarin jiki: wajen kashi uku cikin huɗu na sukarin da insulin ke kwashewa daga jini a cikinta yake sauka. Kuma tsokar da ke aiki tana iya zuƙar sukari ko ba insulin, sannan ta kwana ɗaya ko biyu tana jin kiransa fiye da da. Wannan ne ya sa atisayen da aka yi da yawa ranar Asabar aka kwanta sauran mako bai kai wanda ake yi kaɗan-kaɗan kusan kullum ba, kuma shi ya sa sikeli ke yaudara. Mace tana iya yin wata huɗu tana ƙoƙari nauyinta bai sauka da yawa ba, alhali zanenta ya fara yi mata yawa a ƙugu, sukarinta ya daidaita.

Labarin abinci bai kai wannan daɗi ba, kuma gara a faɗe shi yadda yake. An yi manyan gwaje-gwaje biyu a Amurka. Na farko, mai suna WINS, ya ƙunshi mata 2,437, aka sa wani kaso su rage mai a abinci. Rahoton 2006 ya nuna dawowar cutar ta ragu da kusan kashi 24 cikin 100, kuma matan sun fi 'yan uwansu sauƙin nauyi da kilo biyu da ɗoriya. Na biyu, WHEL, ya ɗauki mata 3,088, aka cika wa wani kaso kwano da ganye da 'ya'yan itace, aka bi su sama da shekara bakwai, amma a 2007 aka tarar babu bambanci ko a dawowar cuta ko a mutuwa, kuma nauyinsu bai ragu ba. Abin da na fahimta daga haɗa biyun shi ne, ƙara ganye a kan cimar da ba a rage komai a cikinta ba ba ya wadatarwa, kuma babu wani abinci guda mai sihiri. Inda gyaran cima ya nuna ƙarfinsa sarai shi ne a kan sukari. Wani babban gwaji na 2002 a kan mutane 3,234 da ke bakin kamuwa da ciwon sukari ya nuna cewa neman rage kashi 7 cikin 100 na nauyi tare da tafiyar minti 150 a mako ya rage kamuwa da kashi 58 cikin 100, yayin da ƙwayar metfomin ta rage da kashi 31. Ga mace mai kilo 80, kashi 7 bai kai kilo shida ba.

Mai ja zai ce, to ai ke nan ba a tabbatar waɗannan abubuwa suna hana sankarar mama dawowa ba. Yana da gaskiya, kuma bai kamata a ɓoye ba. Binciken da aka fi ambatowa, na Michelle Holmes a 2005, ya bi malaman jinya kusan 3,000 a Amurka, ya ga masu tafiyar awa uku zuwa biyar a mako sun fi tsira, haɗarin mutuwarsu daga cutar ya sauka da kusan rabi. Amma bibiya ce, ba gwajin ƙuri'a ba, kuma ana iya cewa waɗanda jikinsu ya fi ƙwari ne tun farko suka iya tafiyar. Akwai ma abin da ya fi wannan sanyaya gwiwa. Goodwin ɗin nan da ta gano alaƙar insulin ta jagoranci gwajin ba mata 3,649 metfomin ko ƙwayar da ba komai a cikinta, sakamakon 2022 kuma ya nuna maganin bai rage dawowar sankara ba. Duk da haka ban ga yadda wannan ya rusa maganar ba. Macen da ta kauce wa ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki ta ci riba ko da atisayen bai taɓa sankararta ba, kuma ba a taɓa cewa sai maganin hawan jini ya hana sankara kafin a rubuta shi. Sannan a 2025 aka wallafa gwajin CHALLENGE, wanda ya raba mutane 889 da suka gama kemo na sankarar hanji, aka haɗa rabi da mai horarwa na shekara uku, yawancinsu tafiya da sauri kawai suke yi. Haɗarin dawowar cuta ko mutuwa ya ragu da kashi 28 cikin 100, na mutuwa kaɗai da kashi 37. Hanji daban, mama daban, ba za a ɗauko alƙaluman a liƙa wa wata cuta ba, amma ya nuna cewa batun ya wuce zato.

Tsoron da ya fi zama a zukatan mata shi ne na hannu. Idan an cire kaluluwar hammata lokacin tiyata, hannun yakan iya kumbura, kuma shekara da shekaru likitoci da kansu suna hana ɗaukar duk wani abu mai nauyi da shi. Kathryn Schmitz ta Jami'ar Fensilbeniya ta gwada wannan doka a 2009 da mata 141 masu kumburin. Waɗanda aka koya wa ɗaga nauyi sannu a hankali, sanye da safar matse hannu, kumburinsu bai ƙaru ba, kuma tashin ciwon ya same su kashi 14 cikin 100, a kan kashi 29 na waɗanda suka bar hannun a ajiye. Haka ciwon gaɓoɓi: a gwajin Melinda Irwin na Jami'ar Yale a 2015, shekara guda ta motsa jiki ta rage shi da kusan kashi 30 cikin 100 ga masu shan su letirozol, abin da ke da muhimmanci tunda wannan ciwo ne ke sa mata da yawa su ajiye ƙwayar. Ita ma kasalar da ke bin bayan kemo, wadda barci ba ya kore ta, motsi ya fi magunguna tasiri a kanta. Akwai dai waɗanda dole su bi ta hannun likita tukuna: wadda cutar ta shiga ƙashinta, mai ƙarancin jini sosai, mai zazzaɓi, mai jin ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, da wadda ɗinkinta bai warke ba. Wadda kuma take ramewa, rage nauyi ba nata ba ne, ƙarin abinci mai gina jiki take buƙata.

Wata suka ta fi waɗannan nauyi a wajenmu. Yawancin binciken nan a Amurka da Kanada aka yi shi, inda kusan kashi 90 cikin 100 na masu cutar ke kai shekara biyar a raye. Wani nazari da aka wallafa a 2020 kan ƙasashen Afirka biyar ya samu cewa a asibitocin Nijeriya da aka bibiya, kashi 36 cikin 100 ne kawai suka kai shekara uku, galibi saboda ana zuwa asibiti a makare, kuɗin magani kuma ya gagara. Mutum zai iya cewa maganar kewayen ƙugu a irin wannan hali kamar raini ne. Na yarda cewa zuwa asibiti da wuri da kammala magani su ne gaba da komai, nesa ba kusa ba. Amma matan da suka tsallake suna nan a Kano da Zariya da Maraɗi da Yamai, da yawansu an gano cutar suna 'yan shekara arba'in da wani abu, suna da yara a gabansu da sauran rayuwa mai tsawo, a yankin da kusan ɗaya cikin manya uku ke da hawan jini. Iyalin da suka sayar da gona suka biya kemo bai kamata su rasa matar ga shanyewar jiki bayan shekara shida ba, alhali tef ɗin tela da na'urar awon jini da ta sukari sun isa su nuna haɗarin, kuma ana samunsu ko a asibitin sha-ka-tafi. Idan ta koma ganin likita ana duba tabo da hammata, ƙara waɗannan awo uku ba zai ci minti goma ba.

Abin da ake nema kuma ba ya buƙatar ɗakin atisaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da aikin ƙarfafa tsoka sau biyu. Matsakaici shi ne tafiyar da mace za ta iya magana a cikinta amma ba za ta iya rera waƙa ba. Wadda ta daɗe a kwance ta fara da minti biyar ko goma, bayan asuba ko da yamma idan rana ta yi sanyi, a tsakar gida ma ya yi idan fita na da wuya, kuma 'yar tafiya bayan cin abinci tana rage tashin sukari. Tashi da zama daga kujera sau goma, tura bango da hannu biyu, ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya wadda nauyinta kilo guda ne, duk aikin tsoka ne. Ana yawan cewa ai aikin gida ya ishi mace. Daka da surfe da jan ruwa a rijiya aiki ne na gaske, amma a birni inji da famfo sun karɓe su, kuma su ne farkon abin da ake hana marar lafiya. Girki a zaune kan kujera 'yar tsugunno gajiya yake kawowa, ba ya sa haki.

A madafa ma abin da ake buƙata ba baƙo ba ne. Tuwon dawa da na gero da ba a surfe su fes ba sun fi farar shinkafa da taliya da burodi jinkirin sakin sukari. Wake, ɗanwake, kwaɗon zogale ko rama da ba a cika wa ƙuli da mai ba, miyar kuka da kuɓewa da alayyafo, kifi, ƙwai, nono ba sukari, duk suna kan hanya. Abin ragewa shi ne girman malmala, ludayin mai, soye-soye, da abin sha mai zaƙi: kwalbar lemo mai rabin lita tana ɗauke da sukari sama da ƙaramin cokali goma, kuma zoɓo da kunun aya na sayarwa ba su cika yin ƙasa da haka sosai ba. Gishirin yini bai kamata ya wuce giram 5 ba, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, ɗanɗanon dunƙule kuwa kusan rabinsa gishiri ne, don haka daddawa ta fi shi. Awara tana shan zargi saboda waken suya yana da sinadari mai kama da istirojin, amma binciken Shanghai na 2009 kan mata 5,042 ya ga masu yawan cinsa sun fi ƙarancin mutuwa da dawowar cuta, sai dai a tuna cewa tamu awarar a mai ake tsoma ta. Wanda ya ce zogale ko wani jiƙo zai maye gurbin asibiti kuwa, a guje shi: wani nazari na 2018 a Amurka ya ga matan da suka bar maganin asibiti suka riƙi irin waɗannan kaɗai sun ninka sauran mutuwa fiye da sau biyar.

Akwai haɗarin da ke tattare da irin wannan nasiha, wato a mai da ita sandar dukan marar lafiya. Sankara takan dawo wa wadda ta kiyaye komai, ta kuma ƙyale wadda ba ta kiyaye komai ba, don haka ba daidai ba ne a ce wa mace ita ta jawo wa kanta. Kuma a yawancin gidajenmu tukunya ɗaya ake ɗorawa, maigida ne ke yin cefane, uwar miji ko yaya ce ke cewa a bar ta ta huta, fita tafiya da safe kuma sai da izini da abokiyar rakiya. Duk gwaje-gwajen da suka yi nasara sun haɗa matan ne da wani mai bibiyarsu, ko mai horarwa ko mai kiran waya, ba takarda aka miƙa musu aka sallame su ba. A wajenmu wannan mai bibiya zai iya zama ma'aikaciyar jinya, ko 'yar da ke gida, ko ƙungiyar matan da suka sha irin wannan jinya, kuma ya kamata a kira mijin da mai jinyar su shigo ofishin likita su ji bayanin da kunnensu a ranar da ake yi wa matar.